Haɓon da Ba Jini

Liman Jelani ya farka goshinsa a ƙasa. Abin da ya fara ji shi ne sanyin yawu a gefen gemunsa, sai ƙaiƙayin tabarma a hanci, sai tarin wani tsoho can baya. A lokacin ne ya tuna inda yake. Sujada ce, ta ƙarshe a sallar La'asar, kuma 'yan albasar Aliero na bayansa sahu-sahu, kowa goshi a ƙasa, suna jiran ya ce Allahu Akbar.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Hukuncin dai ya san shi, don shi yake karantar da shi a zaure: barcin da carbi zai faɗi daga hannunka ba ka sani ba, ko yawu ya dalalo ba ka ji ba, barci ne mai nauyi, ya karya alwala. Liman kuwa in alwalarsa ta karye, magabata sun yi masa hanya. Sai ya dafe hanci kamar wanda haɓo ya kama, ya jawo na bayansa ya ƙarasa wa mutane, shi ya fice. Dabarar rufin asiri ce. In ya yi haka, sallar jama'a ta tsira. In kuwa ya sani ya ci gaba, ya ɓata tasa ya ɓata ta kowa.

Ya goga gemu a tabarma a hankali, ya ce, "Allahu Akbar." Ya yi tahiya, ya sallame.

Tun bai shafa addu'a ba Alhaji Uba ya rarrafo. Shi ne babban dillalin albasa na unguwar, shi ya yi wa masallacin rufin kwano. Ya kama hannun Liman da hannu biyu, idonsa ya yi ja.

"Allah shi gafarta Malam, wagga sujada! Wallahi duk abin da ke raina sai da nir roƙe shi, har na koma kan na maƙwabta. Irin taku ta waliyyai ta."

Liman Jelani ya ce, "Allah shi karɓa muna." Bai iya ɗaga ido ba. Ya fita da takalminsa a hannu, sai da ƙasar bazara ta ƙona masa tafin ƙafa sannan ya tuna ya saka.

Wannan abu ya faru lokacin da Aliero ke cikin jihar Sakkwato, shekarar da soja suka canja launin kuɗi. Limancin masallacin 'yan albasa gadonsa ne, daga hannun mahaifinsa ya karɓa. Lokacin da ya karɓa siriri ne kamar kara, Alƙur'ani kuma a kansa kamar ruwa. To, amma limamin 'yan kasuwa ba ya kwana da yunwa. Suna nan, ɗaurin aure can, wannan ya aiko da cinyar rago, wancan da ƙwaryar fura da nonon Fulani. A hankali wuya ya ɓace tsakanin haɓa da ƙirji. Minsharinsa kuwa, maƙwabta sun daɗe da sabawa, wasu na cewa da shi suke sanin Liman na gari.

Matarsa Zuhura ce kaɗai ba ta ɗauke shi abin dariya ba. Ta sha gaya masa cewa ba ƙarar ce ke tada mata hankali ba, shirun ne. Yana cikin ja sai numfashi ya tsaya cak, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, har sai ta zungure shi ya kwaso numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Ya ce, "Ke dai kwananki kika so, sai ki laƙa mini ciwo."

Amma shi ma ya san wani abu ya taɓu. Yakan tashi da asuba kai kamar an ɗora masa dutsen niƙa, baki a bushe. Kafin hantsi ya fara gyangyaɗi a zaure, littafi a cinya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne karatu. Sai ya kama sura ya tsinci kansa cikin wata, Mu'azu ladani na gyara masa daga baya. Ranar wani suna uban jaririya ya raɗa masa Hadiza a kunne, shi kuwa ya buɗe baki ya ce Kulsum, sai da aka sake Fatiha. Ga saurin fushi da bai san kansa da shi ba. Rannan don miya ta yi sanyi ya yi wa Zuhura tsawar da ta sa kaji watsewa, daga baya ya zauna yana neman dalilin faɗan, ya rasa.

Bayan waccan La'asar ya yi alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa ba zai sake ɗaukar sallar mutane ba alwala ba. Saboda haka da barcin ya sake sace shi, a Azahar, yana farkawa sai ya ɗago ba kabbara, ya dafe hanci, ya jawo rigar Mu'azu, ya ratsa sahu ya fita. Ya yi daidai. Matsalar ita ce abin bai tsaya nan ba. Aka wayi gari mako ba ya wucewa Liman bai fita dafe da hanci ba.

Ita kuwa dabarar dafe hanci, ba wanda bai san abin da aka yi ta don rufewa ba. Haɓo na gaskiya yana barin jini a riga. Rigar Liman fara ce fes.

Wanda ya fara furtawa Mudi ne, tela, ɗan ƙanwar mahaifin Liman. Taubasai ne, akwai wasa tsakaninsu tun suna yawo ba wando, don haka abin da duk Aliero ba mai iya faɗa wa Liman, Mudi kan faɗa yana dariya. Liman na wucewa ta gaban shagonsa ya tsayar da keken ɗinki.

"Ƙato, tsaya ka karɓi saƙo."

Ya miƙo masa ƙulli a tsumma. Liman ya kwance, sai ga jar kanwa.

"Wagga ta mi ce?"

"Maganin haɓo. Irin haɓon da ba ta hanci shika hita ba. Ka jiƙa ka sha, kuma ka rage wake."

Masu zaman shagon suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Liman ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Ya buɗe baki zai ce ba haka ba ne, sai ya rufe. In ya ce ba iska ba ce, me zai ce? Barci? Wanda ya ce ya yi barci a sujada, dole a tambaye shi tun yaushe, daga nan kuwa sai a kai ga sujadar waliyyai da Alhaji Uba ya baza labarinta har kasuwar Jega. Ya ƙulle kanwar ya sa aljihu ya wuce.

A gida ya tarar da Zuhura zaune ta haɗa kai da gwiwa. Matar Alhaji Uba ta aiko mata da wani saƙe-saƙi, da saƙon a daina ba Malam ɗanwake da rana.

"Malam, ni ba ni iya hita unguwa yanzu. Ana kallona ana tausayina kan cikinka, ni kau na san cikinka lahiya lau shike. Kwana na kaka yi, ko?"

Ya kau da kai. Ta ci gaba.

"Kwana na. Wanda bai samu da dare ba, rana za ta biya shi, ko cikin salla ta same shi. Ka tahi asibiti. Ba don limanci ba, don ni. Kullum in numfashin ga yat tsaya sai in ce shi ke nan, yau za a yi mini ta'aziyya."

Washegari da hantsi ya saka rawani ya tafi inda ake lodin albasa. Labbo direba zai yi kudu da kaya, kuma hanyarsa sai ta bi ta Jega, inda asibiti yake. Ya ba Liman gidan gaba, ya kakkaɓe masa kujera da hularsa.

"Allah shi gafarta Malam, ina za a sauka?"

Liman bai so kalmar asibiti ta fito daga bakinsa a tasha ba. Ya ce, "Mu tahi dai, in mun kai ni hwaɗa maka."

Ba su yi nisa ba zafin inji da jijjigar mota suka yi aikinsu. Labbo ya shiga Jega yana satar kallonsa, ya rage gudu a mararraba, ya yi gyaran murya, ya danna ham. Liman bai motsa ba. Shi kuwa Labbo ba zai iya taɓa limaminsa ya ce tashi ba, sai ya ce a ransa wataƙila gaba za shi, ya ɗauki hanyar Yawuri. Suna dab da Maiyama minsharin ya ɗauke. Labbo ya duba, ya ga kai ya langaɓe, baki a buɗe, leɓe ya yi duhu, ba numfashi. Ya kwala salati, ya karkata motar ya tsaya a ƙofar wani ƙaramin asibiti da ke bakin hanya, ya dira yana ihu.

"Ku taimaka! Limaminmu ya cika cikin motata!"

Liman Jelani ya farka ya ga fuskoki cike da taga: masu tallar gyaɗa, masu jiran allura, wata tsohuwa har ta fara kuka. Rawaninsa ya warware ya sauko kafaɗa, yawu ya jiƙa gaban rigarsa. Wani ya ce, "A'a, gawar ta tashi!" Aka fashe da dariya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

Wani mutum mai farar riga ya kore mutanen, ya kama hannunsa ya sauko da shi. Shadrach sunansa, mutumin ƙasar Zuru, shi ke kula da wurin. Ya shigar da shi ɗaki ya rufe ƙofa, ya ba shi ruwa, ya ɗaura masa abin awon jini a dantse. Da ya duba sai ya ɗan ɓata fuska.

"Baba, me ke damunka?"

"Haɓo," in ji Liman. Bakin ne ya riga shi.

Shadrach ya ɗaga masa haɓa, ya haska hancin da tocila, wannan ƙofa da waccan. Ya kashe tocilar.

"Baba, hancin nan ya daɗe bai ga jini ba. Direbanka ya ce numfashinka ya tsaya kana barci. A gida an taɓa gaya maka haka?"

Wataƙila don mutumin baƙo ne, ba zai taɓa tsayawa bayansa a sahu ba, shi ya sa harshen Liman ya saku. Ya faɗi na Zuhura, ya faɗi ciwon kan asuba, da surorin da ke zame masa, da sunan jaririya, da fushin banza. Har barcin sujada ya faɗa. La'asar ɗin nan kaɗai ya riƙe.

"Ka gaya mini gaskiya, ɗana. Hauka ce ta fara?"

"Ba hauka ba ce. Ni ba babban likita ba ne, amma na ga masu irin wannan. In ka kwanta rigingine, naman wuyan nan yana danne maƙogwaro, iska ta yanke. Sai jiki ya firgita ya tashe ka, ka ja numfashi, ka koma, ba ka ma san ka tashi ba. Haka har gari ya waye. Kana ganin ka kwana, alhali ba ka yi barci ba. Kai mutumin Aliero ne. In mai lambu ya saki ruwa, kafin ya kai fangalin albasa ya toshe, ya sake saki ya sake toshewa, yaya albasar za ta yi?"

"Ba ta yin kai."

"To, haka ƙwaƙwalwa take da barci. A cikinsa take hutawa, ta adana abin da aka zuba mata. Taka ta daɗe da ƙishi, shi ya sa karatu ke zubewa. Ga jininka kuma ya hau, wannan ba abin wasa ba ne. Sai ka je babban asibiti a Sakkwato a duba ka da kyau. Kafin nan, sai ka rame. A rage tuwon dare da kitse. Kuma kada ka ƙara kwanciya rigingine, sai ta gefe."

"Mai barci ya san gefe?"

Shadrach ya yi murmushi. "A sa tela ya yi wa rigar barcinka aljihu a tsakiyar baya, a saka goriba a ɗinke. Duk lokacin da ka juya, ita za ta mayar da kai."

"Karatun zai dawo?"

"Wasu yana dawo musu in barcin ya gyaru. Ba zan yi maka rantsuwa ba."

Liman ya koma Aliero a motar fasinja, a tsaye a baya don kada barci ya sa ya wuce gida ma. Duk hanya tela yake tunani. Teloli sun fi a ƙirga a garin, amma duk wanda ya kai wa wannan aiki, kafin Magariba labari ya zaga. Gara wanda zai yi masa dariya a gabansa.

Ya sami Mudi shi kaɗai. Ya ajiye tsohuwar taguwa da goriba a kan keken, ya yi bayanin ɗinkin yana kallon bango. Mudi ya juya goribar a hannu.

"Laya ce ta sabon yayi? Ko ajiyar abin taɓawa kaka yi, kar yunwa ta kashe ka da dare?"

"Mudi, ba iska ta ba. Kwana nika yi cikin sujada."

Ya jira dariyar. Ba ta zo ba. Mudi ya zare zare ya lasa, ya nemi kafar allura.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Wa ke tsayawa bayan Mu'azu in ba ni ba? Ranar sujadar waliyyai, ina jin waliyyin na jan minshari ƙasa-ƙasa. Na koma gida na sake La'asar tawa."

"To kanwar fa?"

"Na ga ka zaɓi a ce iska ta, sai na taya ka. Ni dai na san ɗan kawuna. Da nac ce maka kwana, da ka daina gaishe ni." Ya taka keken, ya tsaya. "Amma Jelani, ni na sake tawa. Sauran mutane ba su sani ba, balle su sake."

Liman ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Tun ranar da ya gaji mahaifinsa ba wanda ya kira shi da sunansa tsirara, sai yau. Yana nan zaune har aka gama ɗinkin.

Goribar ta yi aikinta, ta kuma ci masa baya. Zuhura ta ce shirun ya ragu, ko da yake bai tafi duka ba. Ya kwana biyu yana sa Mu'azu ya ja salla, yana cewa ba ya jin daɗi. Ran nan da La'asar, masallaci ya cika don an dawo daga lodin motoci, Mu'azu ya tashi zai yi iƙama, Liman ya ɗaga masa hannu. Ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, haɓon da kuka gani ina yi, ba haɓo ba ne. Ba kuma abin da kuke zato ba ne, masu aiko da kanwa Allah shi saka." Wani ya yi tari don ya danne dariya. "Ciwo gare ni na kwana. Numfashina na tsayawa da dare, sai kwana shi sace ni da rana, har cikin salla. Ranar da nid daɗe a sujadar La'asar, wadda anka yi ta yabo, kwana nay yi. Na farka na san alwalata ta karye, kunya ta hana ni hita, na ci gaba da ku. Duk wanda ab bayana rannan, sallarsa ba ta yi ba. Laihin nawa na, ba naku ba. Ku rama ta, ku yahe mini."

Kwanon rufi na ta ƙara saboda rana. Alhaji Uba ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Malam, ni da nik kai labarin ga har Jega? Har mutum biyu sun ce za su zo ka yi musu addu'a!"

"Ka ce musu su yi mini."

Wani tsoho daga sahun baya ya ce, "To yanzu wa za shi ja mu?"

Liman ya kama hannun Mu'azu, ba dafe da hanci ba wannan karon, ya tsayar da shi a kan buzun da mahaifinsa ya yi limanci a kai. Mu'azu ya so ya ja da baya, ya riƙe shi.

"Tsaya nan. Za ni Sakkwato a duba ni. In Allah ya mayar mini da kaina, jama'a su ga abin da ya dace. In bai mayar ba, kai na."

Ya taka ya koma cikin sahu. Ba wanda ya san inda zai kalla. Mutane suka dinga matsawa suna ba shi wuri fiye da yadda yake bukata, sai Mudi ya jawo shi gefensa ya haɗa kafaɗa da shi.

Aka fara da ramuwar waccan La'asar, sannan aka yi ta ranar. A sujadar farko, goshinsa bai gama taɓa tabarma ba ya ji gwiwar hannun Mudi a haƙarƙarinsa. A ta biyu ma haka. Haka aka yi ta yi har aka sallame duka biyun.

Liman ya juya yana shafa gefen ciki, ya yi ƙasa da murya. "Kai, idona biyu fa."

"Na sani. Yau ranar ramuwa ta. Mun rama salla, ni na rama tsawar da kaka yi mini tun muna yara. Saura kai ka rame."

Alhaji Uba ya wuce su bai tsaya gaisuwa ba, ya saka takalmi ya fita. Wasu suka bi shi. Wasu kuma suka zo ɗaya bayan ɗaya suka ba Jelani hannu. Ya zauna har masallacin ya watse, carbi a hannu, ya damƙe shi da ƙarfi don kada ya faɗi.